Ranar da Fatawu Ya Kai Jikokin Hajiya Daji

Duk Maamobi, unguwar nan ta cikin birnin Ankara, babu wanda ya san daji kamar Fatawu mai aski, in dai bakinsa za ka tambaya. A shagonsa na bakin babbar kwata, mutum kan zauna da sumarsa lafiya lau, ya tashi da ƙwal kwabo da labarin yadda kakan Fatawu ya shaƙe kura da hannu ɗaya can arewa a garin Walewale yana cin tuwo da ɗayan. Abin da Fatawu ba ya faɗa, kuma kowa ya sani, shi ne a Maamobi aka yanke masa cibiya. Iyakar arewar da ya taɓa takawa ita ce Madina, nan bayan gari, ita ma ɗaurin aure ne ya kai shi.

To, Fatawu yana son Zelia, so na gaske, irin wanda ke sa mai aski ya yanki kunnen mutum in ta gifta. Zelia 'yar Hajiya Memunatu ce mai sayar da waakye, shinkafa da waken nan da ake yi wa layi tun da sassafe. Mijin Zelia ya rasu ya bar mata yara uku, Basma da Zulkifli da autarsu Nafi. Fatawu ya tura manya, Hajiya ta ce ta ji, za ta ba da amsa bayan Babbar Sallah. Ta kuma ƙara da cewa ita ba miji kawai take nema wa 'yarta ba, wanda zai iya da yaran take nema.

Ana saura kwana kaɗan Sallah Fatawu ya je gaisuwa da yamma. Ya tarar da Hajiya a tsakar gida tana tsince wake tana faɗa. Ragon layyarta na ɗaure a jikin ginshiƙi, wani ƙaton fari mai murɗaɗɗen ƙaho. Jikokin sun haɗa kai a kan wayar uwarsu, ko sallamarsa ba su amsa ba.

"Dube su," in ji Hajiya. "Tun da aka ba da hutu, waya, waya, waya. Yau yarinyar nan Nafi take tambayata wai wane kamfani ke yin doya."

Maiturare, wani ɗan Nijar da ke haya a gidan, ya tuntsire da dariya daga bakin ƙofarsa. Fatawu kuwa bai yi dariya ba. Sai ya ga ƙofa ta buɗe masa, ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Mma Hajiya, wannan ƙaramin aiki ne ƙwarai. Yara daji suke buƙata. Ba ni su gobe, in kai su su ga itace, su taɓa ƙasa, su san sawun dabba. Kafin la'asar za ki ga wasu yara dabam. Har ragon nan zan tafi da shi. Ragon da ya tashi a kan ɓawon rogo da dusa, namansa ba ya daɗi. Sai ya ɗanɗana ciyawar daji."

"Sarkin Dawa," in ji Maiturare, "wane dajin za ka kai su a cikin Ankara?"

"Wanda masu sayar da turare ba su sani ba."

"To ka gaida mana giwaye."

Hajiya ta daɗe tana kallon Fatawu, ta kalli ragonta. "Ragon nan shi ne layyata. Yaran nan su ne raina. Ka ji ni ko?"

Zelia, wadda ke wanke tukwane a gefe, ta ɗago tana danne dariya. "Ni dai ka dawo min da su da takalmansu, Fatawu."

Jin sunansa a bakinta ya sa Fatawu ya fita daga gidan ba tare da ya lura ya sa takalmin Maiturare ƙafa ɗaya ba.

Washegari da hantsi ya iso cikin shirin da lungun bai taɓa gani ba. Dogon takalmin roba na masu yashe kwata, wanda ya yi masa yawa har yana ƙara in ya taka. Hular kwano ta wani ɗan acaba. Tsohuwar rigar ruwa a wannan zafin. A kugunsa ga adda ta aro, a wuyansa ga danƙon harbin tsuntsu, a kafaɗarsa ga buhu biyu na zuba ciyawa. Mata suka fito ƙofar gida riƙe da ludayi. Wata tsohuwa ta tambaya ko an fara yaƙi ne ba a gaya mata ba.

"Ku matsa," in ji Fatawu. "Mun yi daji."

A bakin babban titi ya tsayar da trotro, ƙaramar bas ɗin da kowa ke shiga. Yaron mota ya leƙo, ya dubi rago, ya dubi adda, ya dubi hular kwano.

"Cale, abokina, wane ne ba zai shiga ba, kai ko shi? Don duka biyun ba na ɗauka."

"Ka san da wa kake magana?"

"Da mai aski. Kai ka ɓata min kai ranar Juma'a." Ya buga jikin mota, ta tashi ta bar su da hayaƙi.

Fatawu ya juya ga yaran kamar shi ya kori motar. "Darasi na farko. Mafarauci ba ya shiga mota. Ƙafa!"

Suka kama hanya, rago a gaba, Fatawu a bayansa yana rantse wa masu wucewa cewa shi ke jan ragon. A hanya ya jero musu dokokin daji. Ba a nuna itace da yatsa. Ba a kiran maciji da sunansa. Kuma duk wanda aka haɗu da shi a daji, ba a gaya masa sunan gidanku, don ba ka san mutum ba ne ko aljani. Wannan dokar ta ƙarshe ya ƙirƙiro ta ne a tsaye don ta yi masa daɗin faɗa, amma yaran suka riƙe ta da hannu biyu.

Dajin nasa kuwa wani kore ne da ya taɓa hangowa ta tagar mota a wajen Dzorwulu, ƙarƙashin manyan turakun lantarki. Mutumin da ya tashi a lungun da ko ciyawar da ta fito a jikin kwata akuya ke cinye ta kafin ta yi ganye biyu, duk koren da ya wuce faɗin tabarma daji ne a wurinsa. Rana ta take tsaka sa'ad da suka isa. Rigar ruwa ta dafa Fatawu, gumi ya taru a takalminsa har yana jin motsinsa. Amma da suka zagaya wata katanga, sai ga shi shimfiɗe a gabansu, kore shar, har inda ido ya tsaya, babu kowa a ciki.

Yaran suka zuba ido. Gaskiya wurin ya yi kyau. Iska ta kaɗo da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, Nafi ta saki hannun yayarta ta ruga tana ihu don murna.

"Ga daji," in ji Fatawu, ya buɗe hannuwa kamar shi ya halicce shi.

Zulkifli ya karkata kai. "Baba Fatawu, me ya sa ciyawan daji ya yi layi-layi?"

"Daji na ainihi haka yake. Komai na Allah a sahu yake tsayawa. Ba ka ga masallaci ba?"

"Wannan ya yi kama da latas da Kaka yake sa wa a waakye," in ji Basma.

"Kama ce. Wannan sunansa kunnen zomo. Na daji ne, mutum ba ya ci, sai dabba. Ku cika buhu."

Aka saki rago. Dabbar da tun haihuwarta ba ta san komai ba sai ɓawon rogo ta sa baki a ganyen farko, ta tsaya cak, sannan ta shiga ci kamar an ce gobe za a yanka ta, wanda kusan hakan ne. Yara suka duƙa tuge kunnen zomo. Daga nan suka wuce wani sahun mai dogayen ganye, Basma ta ce warin albasa yake, Fatawu ya ce gashin bakin kura ke nan, kuma duk abin daji da wari yake kare kansa. Shi ma aka tuge shi. Suka tarar da wasu dunƙula-dunƙulan ganye, Fatawu ya sa musu suna kan sarki, Zulkifli ya mai da ɗaya ƙwallo.

Ban taɓa ganin yara cikin farin ciki irin na ranar ba, wannan kam a ba Fatawu haƙƙinsa. Nafi ta tono tana ta ɗora a tafin hannu tana yi mata magana. Basma ta cire takalmi tana nutsa yatsu a laka. Babu wanda ya tuna da waya.

Fatawu ya ga abin na tafiya, sai kansa ya ƙara girma a cikin hular kwano. Ya tsuguna ya nuna wani sawu a ƙasa.

"Ku zo ku gani. Barewa. Ba ta daɗe da wucewa ba. Mace ce, kuma tana da ciki."

Suka bi sawun a hankali, Fatawu na gaba da danƙo a ɗane, yana tafiya a duƙe. Sawun ya zagaya, ya lanƙwasa, ya kai su har gindin ragon Hajiya.

"Ta ɓuya a bayansa," in ji Fatawu. "Barewa akwai wayo."

Bai rufe baki ba wani kwaɗo ya yi tsalle ya faɗa cikin takalminsa na hagu, don akwai wurin baƙo a ciki. Fatawu ya yi wata ƙara da ba ta dace da jikan mai shaƙe kura ba. Ya yi ta harbin iska har takalmin ya fice ya tashi sama, ya sauka can cikin kan sarki. Da ya dawo hayyacinsa ya ce rawar mafarauta ce yake koya musu, yaran kuwa suka ce ya sake.

Yana ɗingishi zai ɗauko takalmi sai aka ji wani inji ya tashi can nesa, wajen rafi. A gabansa, wani dogon abu baƙi da ke kwance tsakanin ganye ya motsa. Ya kumbura, ya murɗa, ya ɗaga kai yana huci.

"Ku koma baya!" Fatawu ya zare adda. "Igiyar ƙasa! Mesa ce!"

"Baba Fatawu, tiyon ban-ruwa ne," in ji Basma.

"Ba a kiran sunansa!"

Ya rufe ido ya kai sara. Ya sake kaiwa. A sara na uku abin ya rabu biyu, ruwa ya yi tsiri ya daki Fatawu a ƙarƙashin haɓa, hular kwano ta juya ta rufe masa fuska. Ya ja da baya, igiyar rago ta harɗe ƙafarsa, ya faɗi rigingine cikin abin da ya rage na kunnen zomo. Rago ya ɗauka wasa ne, ya ja baya ya ba shi ƙaho ɗaya a inda ya fi nama.

Da ya samu ya juya hular, abin da ya fara gani ƙafafu ne, manya, babu takalmi, sun sha laka. Ya bi su da kallo har sama. Wani ƙaton mutum ne baƙi, riƙe da guntun tiyo, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wane ne kai?" in ji mutumin. Muryarsa ta sa har rago ya daina tauna.

"Mu mafarauta ne," in ji Fatawu daga kwance. "Kai fa, me kake yi a daji?"

"Daji? Daji! Ni Gafaru, tun asuba nake ban-ruwa a lambun nan, na je in yi salla in tada inji, na dawo ka ce mini daji? Daji ne yake shuka latas? Daji ne yake sayen tiyo?"

Sauran masu lambu suka fara ɓullowa daga inuwar da suke hutawa, kowa da abin da ya samu a hannu. Suka tsaya suna kallon ɓarna. Wani dattijo ya ɗaga buhun da yara suka cika, ya leƙa, ya ce innalillahi.

Fatawu ya miƙe yana ɗigar da ruwa. "To, a yi haƙuri. Ciyawa ce, za ta sake fitowa."

"Kafin Sallah? Ka san ko nawa ne ma? Ba nawa ba ne!" Gafaru ya nuna fangalin da aka tuge. "Nan wurin, mata masu abinci suke zuwa su kama fangali tun yana ƙarami. Wannan da wannan da wancan, duk an kama. Ni reno kawai nake yi. Mai shi wani Hajiya ne, gobe zai aiko a yanka masa na Sallah. Me zan ce masa?" Ya juya ga yaran. "Ku 'ya'yan wane gida ne?"

Yaran suka dubi juna, suka dubi girman mutumin, suka tuna doka. Nafi ta matso ta taɓa gwiwarsa da yatsa.

"Kai aljani ne?"

Gafaru ya buɗe baki zai yi tsawa, sai ya ga 'yar yarinya da tana a hannu da laka har goshi. Tsawar ta maƙale. Ya kwance igiyar rago daga ƙafar Fatawu ya naɗe a hannunsa.

"Shi ke nan. Rago da ku duka, mu je wurin mai fangali. Abin da ya yanke, shi ke nan."

Da Fatawu ya ji mace ce, sai ransa ya dawo. Ya gyara hular kwano. "Mu je mana. Macen da zan kasa shawo kanta da baki ba a haife ta ba a Ankara. Minti kaɗan za ka ga tana ba mu ruwan sanyi." A ransa kuwa lissafi yake, a gama da wannan Hajiyar, a wanke yara a famfon masallaci, a koma gida kamar ba a yi ba.

Aka kama hanya. Gafaru a gaba da rago, wanda cikinsa ya yi tulu yana tafiya yana nishi. Masu lambu biyu na ɗauke da buhunan shaida. Nafi ta gaji, ta tsaya ta ɗaga wa Gafaru hannu, shi kuma ya saɓa ta a wuya ba tare da ya daina faɗa ba. Kafin a yi nisa Zulkifli ya manne masa yana tambaya, wai da gaske ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba ita ke zama kabeji. Gafaru yana amsawa da tsawa, yaran suna ƙara matsowa. Fatawu na can baya, takalmi ƙafa ɗaya, ɗaya ƙafar safa.

Da suka hau titin da suka biyo da safe, Fatawu ya ce a ransa hanya ai ta kowa ce. Da suka shiga Maamobi, ya ce Hajiyoyi sun yi yawa a unguwar. Da suka wuce shagonsa, masu jiran aski suka taso suka bi ayarin. Da Gafaru ya karya kwana ya shiga wani lungu mai ƙanshin waakye, sai Basma ta juyo.

"Baba Fatawu, aljanin ya san gidanmu."

Fatawu ya tsaya. Ya duba baya ko akwai hanyar gudu, amma rabin unguwa ya toshe lungun.

Hajiya Memunatu na zaune a inda ya bar ta jiya. Ta ga Gafaru ya shigo da jikarta a wuya da ragonta a hannu. Ta ga buhu biyu an zazzage a gabanta, latas da albasa da kabeji, duk da saiwarsu. Daga ƙarshe ta ga wani abu mai hular kwano ya shigo yana ɗigar da laka.

"Gafaru, lafiya? Na ce gobe zan aiko."

"Hajiya, ba sai gobe ba. Ga shi an yanka miki. Wanda babu a nan yana cikin rago."

Maiturare ya fito daga ɗakinsa, ya ɗauki kabeji guda ya jujjuya. "Sarkin Dawa, wannan wace dabba ce? Da danƙo ka harbo ta ko da adda?"

Tsakar gida ta ɗauki dariya, har da waɗanda ke leƙe ta kan katanga.

"Mma Hajiya," in ji Fatawu, "in kika duba da kyau, babu asara ko kaɗan. Latas naki ne. Rago naki ne. Naki ya ci naki. Ranar Sallah in aka yanka shi, salak ɗin yana ciki, an huta da yankawa."

Hajiya ba ta ko dube shi ba. Yaran sun riga sun kewaye ta, kowa na magana a lokaci ɗaya.

"Kaka, albasa a cikin ƙasa yake zama!"

"Kaka, ga tana, sunansa Mas'uda!"

"Kaka, Baba Gafaru ya ce in mun koma zai ba mu fangali namu, mu shuka da kanmu. Gobe za mu koma, ko?"

Hajiya ta dubi jikokinta, laka har gira, babu mai takalmi a cikinsu, idanunsu na ƙyalli. Ta dubi Gafaru, wanda har yanzu Nafi ke riƙe da kunnensa, shi kuma ya ƙyale ta. Ta daɗe tana dubansa, irin duban da take yi wa buhun shinkafa kafin ta saya.

"Gafaru, tun da mai ɗakinka ta rasu, wa ke dafa maka?"

Ƙaton nan ya sunkuyar da kai, murya ta koma ƙarama. "Ni nake dafawa, Hajiya."

"Zelia! Baƙo ya sha rana, a kawo masa ruwa."

Fatawu ya ga inda aka dosa. Ya matso kusa, ya cire hular kwano ya riƙe a ƙirji. "Mma Hajiya, maganarmu fa? Kin ce bayan Sallah."

"Na ce. Ka wanke min ragona tukuna."

Sai ga Zelia ta fito daga ɗaki ta sake mayafi, ɗauke da ruwan sanyi a kofin gilashin da ba a fito da shi sai Hajiya ta yi manyan baƙi. Fatawu ya ga ta nufo inda yake, ya goge hannu a rigar ruwa ya miƙa. Ta tsaya a gabansa, ta dube shi daga safa har sama.

"Fatawu," in ji ta a hankali, "matsa, ka tare hanya."